Zurfin Teku da Bambancin Gadon Kifaye

Gabatarwa

Birnin Kano ba shi da teku, kuma tsakaninsa da gaɓar teku ta Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Duk da haka, mazaunin cikin badala yana cin kifin teku fiye da yadda yake zato. Kifin ƙanƙarar nan da masu tuya ke jerawa a faranti da magariba a lungunan Mandawari da Yakasai da bakin Ƙofar Mata, mafi yawansa daga arewacin Tekun Atilantika aka kamo shi. Jiragen ruwa ke sauke shi a tashar Apapa daga ƙasashe irin su Holan da Norwe da Rasha, sa'an nan manyan motoci masu sanyi su hauro da shi Arewa.

Mai saye dai sunan kifi yake tambaya da farashinsa: taitus ne, ko shawa, ko fanla. Ba kowa ne ya san cewa waɗannan kifaye, ko da yake faranti ɗaya ya haɗa su, ba unguwa ɗaya suke zaune ba a cikin teku. Taitus da shawa mazauna saman ruwa ne, inda rana ke haskawa. Ɗaya daga cikin kifayen da ake sayarwa da sunan fanla kuwa yakan wuni tsakanin mita 300 zuwa 500 a ƙarƙashin ruwa, wurin da tsakar rana ma kamar almuru take.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda zurfin ruwa ke zama katanga wadda ido ba ya gani, har ta raba kifaye masu suna ɗaya da kama ɗaya zuwa zuriyoyi masu gado daban-daban. Za a kuma nuna dalilin da ya sa sanin haka ya shafi masunci da mai kiwon kifi, har da wanda bai taɓa ganin teku ba.

Ma'anar Gado da Bambancinsa

Jikin kowace halitta mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani zare mai tsawo da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu da yadda zai yi aiki. Zaren a naɗe yake cikin dunƙule-dunƙule da ake kira kuromosom. Kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarni guda shi ne ƙwayar gado. Ɗa yana karɓar kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ba dole ne kwafin biyu su zo iri ɗaya ba.

Bakano ya riga ya san wannan ta hanyar gwajin jini kafin aure, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta. Idan aka ce wane AA ne, wance AS ce, wani yaro kuma SS, ana magana ne a kan ƙwayar gado guda mai fuska biyu, A da S. Tambayar da ta dace ɗalibi ya yi ita ce, me ya sa S bai ɓace daga cikin al'umma ba, alhali mai SS na fama da amosanin jini? Amsa ita ce mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka a ƙasashen da sauro ya yi yawa, masu ɗauke da S guda ɗaya sun fi tsira a ƙuruciya, su girma, su haifi 'ya'ya. Muhalli ne ya yi tankaɗe da rairaya, ya bar abin da ya dace da shi.

Abin da masana ke nufi da sauyawar halitta sannu a hankali ke nan: yawan masu ɗauke da wata fuskar gado ya ƙaru ko ya ragu daga ƙarni zuwa ƙarni. Manomin da ke ware manyan zangarniyoyin gero don iri yana yin wannan aiki da hannunsa. A cikin teku babu manomi, sai haske da sanyi da matsin ruwa da yunwa.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata malami ya tsare bambancinsu, domin a maganar yau da kullum ana cakuɗa su. A nan, “jinsi” na nufin dukan halittun da ke iya haihuwa da juna, kamar tarwada gaba ɗayanta. “Zuriya” kuwa rukuni ce a cikin jinsi wadda 'ya'yanta suka fi hayayyafa a tsakaninsu, kamar yadda Bunaji da Rahaji da Gudali duk shanu ne amma kowa da kamanninsa. Yawan fuskokin gado da ke warwatse a cikin jinsi, tsakanin zuriya da zuriya da kuma cikin kowace zuriya, shi ake kira bambancin gado.

Hawa-Hawan Teku

Matsakaicin zurfin tekunan duniya ya kai kimanin mita 3,700, wuri mafi zurfi kuma shi ne Kwazazzabon Mariyana a Tekun Fasifik, wanda ya kusa mita 11,000. Masana sun kasa wannan zurfi hawa-hawa. Daga sama zuwa mita 200 akwai isasshen haske da tsirran ruwa ke rayuwa da shi, kuma nan ne rumbun abincin teku. Daga mita 200 zuwa 1,000 haske ya dusashe, sai ɗan shuɗi-shuɗi. Daga mita 1,000 zuwa ƙasa babu hasken rana ko kaɗan, sai wanda halittu ke fitarwa daga jikinsu kamar na makesu. Abin da ya wuce mita 6,000 kuwa sai cikin kwazazzabai.

Abubuwa huɗu ke sauyawa yayin da ake nutsawa. Haske yana raguwa, kuma ba a lokaci ɗaya launuka ke ɓacewa ba: ja ne ke fara ɓacewa tun a sama-sama, shuɗi ne ke kaiwa nesa. Sanyi yana ƙaruwa, har ya kai digiri 4 ko ƙasa da haka a mafi yawan ruwan da ke can ƙasa. Abinci yana ƙaranci, domin mazauna ƙasa sun dogara ga ɓurɓushin da ke zubowa daga sama. Na huɗu shi ne matsi. Duk mita 10 da aka ƙara, nauyin da ke danne jiki yana ƙaruwa da kimanin kilo 1 a kan fili mai faɗin farcen yatsa. A zurfin mita 8,000 ke nan, kowane farce yana ɗauke da kilo 800, wato buhun siminti 16.

Matsi ya fi takura wa jakar iskar da ke cikin yawancin kifaye, wadda duk mai gyaran karfasa ya sha gani manne da ƙashin baya. Da ita kifi ke daidaita kansa a ruwa, kada ya nutse, kada ya taso. Iska kuwa tana matsewa. Jakar da ta cika a saman ruwa, rabinta za ta koma a mita 10. Kifin da aka fizgo da sauri daga zurfi kuma jakarsa takan kumbura har ta turo tumbinsa ta baki. Don haka kifin da ke hawa da sauka yana bukatar jiki mai saurin cika jakar da rage ta. Taitus dai ya huta da wannan wahala, domin ba shi da jakar sam, sai dai kuma ba shi da damar tsayawa da iyo.

Kifin Kod: Masu Tashi da Masu Zama

Misali mafi bayyana ya zo daga kifin da Nijeriya ta daɗe tana saye. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, wanda Ibo ke kira okporoko, mafi shaharar nau'insa kifin kod ne da aka shanya a kan katakai a tsibiran Lofoten na arewacin Norwe. Nijeriya na cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan.

Masuntan Norwe sun daɗe da sanin cewa kod ɗinsu iri biyu ne. Akwai wanda suke kira sikirei, wato mai yawo. Shi wannan yana kiwo ne a Tekun Barents mai tsananin sanyi, yana hawa da sauka tsakanin sama da zurfi, sa'an nan tsakanin Janairu da Afrilu ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci zuwa Lofoten don ya zuba ƙwai. Akwai kuma kod na gaɓa, wanda ke zaune a mashigan ruwa marasa zurfi duk shekara. Za a iya kwatanta su da makiyaya masu tashi da makiyaya na zaune. Abin mamaki shi ne lokacin haihuwarsu ɗaya ne, wurin ma sau da yawa ɗaya ne, kuma suna iya haihuwa da juna. To, me ya hana bambancinsu narkewa tun tuni?

Sai bayan da masana a Norwe suka karanta dukan zaren gadon kod a 2011 aka samu hanyar amsa tambayar. Kod yana da kuromosom tagwaye 23, daidai da adadin na ɗan Adam. Da aka kwatanta zuriyoyinsa, sai aka ga kusan ko'ina a zaren iri ɗaya ne, ban da manyan yankuna huɗu a kuromosom na 1 da na 2 da na 7 da na 12. A waɗannan wurare, wani dogon yanki na zaren ya juya, kai ya koma gindi.

Muhimmancin juyawar yana bukatar ɗan bayani. A ƙa'ida, lokacin da jiki ke ƙera ƙwai ko maniyyi, kwafin uwa da na uba sukan jeru kafaɗa da kafaɗa su yi musayar guntaye, shi ya sa kowane ɗa ke fitowa da sabon haɗi. Amma idan yankin ɗaya a juye yake, ba zai daidaita da ɗan'uwansa ba, musayar ba za ta yi nasara ba. Sai a gaji yankin dungurungum, kamar damin da ba a kwancewa. Ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke cikin damin za su riƙa tafiya tare daga kaka zuwa jika. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa damin kuromosom na 1 shi ne babban abin da ya raba mai yawo da na gaɓa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado da suka shafi cika jakar iska da aikin tsoka, wato kayan aikin da mai hawa da sauka da doguwar tafiya ke bukata.

A ruwan ƙasar Aisilan an ga irin wannan ta wata hanya. Masana sun liƙa wa kifaye ƙananan na'urori masu rubuta zurfi da sanyin duk inda kifi ya shiga. Da aka sake kama su aka karanta, sai aka ga wasu ba su cika wuce mita 200 ba, wasu kuwa suna gangarawa ninki biyu na haka ko fiye. Da aka duba wata ƙwayar gado da ke cikin wancan dami, mai fuska biyu, A da B, sai aka tarar masu AA sun fi yawa a ruwa marar zurfi, masu BB a can ƙasa, masu AB kuma a tsakani. Ɗalibin da ya fahimci AA da AS da SS ba zai sha wahalar wannan lissafi ba.

Ba kod kaɗai ba ne. A Tekun Irminga, kudu maso yammacin Aisilan, akwai wani jan kifi mai suna Sebastes mentella, wanda a 2009 majalisar ƙasa da ƙasa mai binciken teku ta amince cewa mazaunansa na sama da mita 500 da na ƙasa da haka zuriyoyi biyu ne, kowacce a lissafa ta daban. Wani kifin kuma mai dogon wutsiya, Coryphaenoides rupestris, ya nuna abin da ya fi wannan ban sha'awa. Masana daga Jami'ar Durham ta Ingila sun bayyana a 2018 cewa kifayen wannan jinsi duk suna haihuwa da juna, kuma ƙananansu suna tashi tare a wajen mita 1,000. Idan sun girma sai su rabu. Masu wani haɗin gado su gangara zuwa mita 1,800, sauran su tsaya sama-sama. Gida ɗaya aka haife su, gado ya nuna wa kowa hawan da zai zauna.

Ido da Launin Ruwa

A cikin ido akwai wani furotin da ke cafke haske, kuma sauya harafi ɗaya a ƙwayar gadon da ke ƙera shi yana iya sauya launin da ido ya fi gani. Kifin herin, wanda kasuwa ta sani da shawa, ya ba da kyakkyawan misali. Herin na Tekun Atilantika yana zaune cikin ruwa garau mai shuɗin haske. Danginsa da suka shiga Tekun Baltik, wanda bai wuce shekara 10,000 da kafuwa ba, sun tarar da ruwa mai duhu-duhu wanda haskensa ya karkata zuwa ja. A 2019 masana daga Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka nuna cewa yawancin herin na cikin Baltik suna ɗauke da sauyi guda a wannan furotin, wanda ya karkatar da ganinsu zuwa ja. Sun kuma gano cewa wannan sauyi ɗin dai ya auku sau da yawa, daban-daban, a cikin kifayen ruwan daɗi.

A can ƙasa kuwa lamarin ya wuce sauya harafi. Ɗan Adam da yawancin dabbobi masu ƙashin baya suna da ƙwayar gado guda ɗaya tak ta furotin ɗin ganin dare, shi ya sa da duhu ba a rarrabe launi. A cikin 2019, wani ayarin masana ƙarƙashin Jami'ar Basel ta Siwizalan ya bincika zaren gadon kifaye 101, ya tarar da wani ɗan kifi mai ruwan azurfa, Diretmus argenteus, yana da irin wannan ƙwaya har 38. Babu wata dabba mai ƙashin baya da aka sani da adadin da ya kai haka. Kowane kwafi ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa, kuma tare sun rufe launukan shuɗi da kore da halittun zurfi ke walƙawa da su.

Inda Kifi Ya Tsaya

Duk mai dafa abinci ya san kifin ƙanƙara ya fi tarwada ƙarni. Dalilin yana da alaƙa da wannan darasi. Kifayen teku suna tara wani sinadari da ake taƙaita sunansa TMAO, wanda kifayen ruwan daɗi ba su da shi sosai. Bayan kifi ya mutu, ƙwayoyin cuta sukan farfasa sinadarin ya koma wani mai wari, kuma shi ne ƙarnin da ake kashewa da lemon tsami. A jikin kifi mai rai kuwa, aikin sinadarin shi ne tallafar furotin kada matsi ya lanƙwasa shi ya hana shi aiki. An auna an ga cewa gwargwadon zurfin da kifi ke zaune, gwargwadon yawan sinadarin a tsokarsa.

Sai dai abin yana da iyaka. A 2014 Paul Yancey da abokan aikinsa suka lissafa cewa a wajen mita 8,200, sinadarin da kifi zai bukata zai sa ruwan jikinsa ya fi na teku kauri, ruwan teku ya riƙa tsotsuwa cikin jikinsa. Suka yi hasashen cewa kifi ba zai wuce nan da nisa ba. Hasashen bai faɗi ƙasa ba. Kifi mafi zurfi da aka taɓa ɗauka a hoto an gan shi ne a 2022, a mita 8,336, cikin Kwazazzabon Izu-Ogasawara kusa da Jafan, a wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin masanan Ostireliya da na Jafan. Wannan ne ma ya sa masana ba su yarda da labarin Jacques Piccard da Don Walsh ba, waɗanda suka sauka ƙasan Mariyana a 1960 suka ce sun hango wani faffaɗan kifi ta tagar jirginsu. Ga alama wata halitta ce daban suka gani.

Mai tsammanin dodo mai haƙora a wannan zurfi zai sha mamaki. Kifin da ke can ɗan ƙarami ne, fari-fari, mai laushi kamar talo-talo, ba shi da ɓawo, ba shi da jakar iska. An ba ɗan'uwansa na Mariyana suna Pseudoliparis swirei a 2017, masanan ƙasar Sin kuma suka karanta zaren gadonsa a 2019. Sun tarar ƙwayar gadon da ke taimaka wa ƙashi ya yi tauri ta daina aiki, don haka yawancin ƙashinsa guringuntsi ne. Ya kuma rasa da yawa daga ƙwayoyin gadon gani.  Abin lura shi ne dacewa da muhalli ba kullum ƙari ba ce, wani lokaci zubar da kaya ce.

Tafkunan Afirka

Ba sai an je teku ba kafin zurfi ya yi wannan aiki. A Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka akwai ƙananan kifaye dangin karfasa da suka kai jinsi 500, mafi yawansu sun rarrabu ne cikin shekara 15,000 da suka wuce. A 2008 Ole Seehausen da abokan aikinsa suka yi bayanin biyu daga ciki a tsibiran da ke kusa da Mwanza ta Tanzaniya. Mazan na saman ruwa shuɗaye ne, idanun zuriyarsu sun fi ganin shuɗi. Mazan na ƙasa jajaye ne, idanunsu sun karkata ga ja, domin a wannan tafki jan haske ne ke kaiwa ƙasa. Mace tana zaɓen mijin da ta fi gani sosai, da haka kowane rukuni ya riƙa aure a cikin gida. Tazarar zurfin da ta raba su ba ta wuce 'yan mitoci ba. A wuraren da ruwa ya gurɓace ya yi duhu kuwa, mata ba su rarrabe launi, sai jinsunan biyu suka koma cakuɗe.

Kusa da gida, akwai Tafkin Barombi Mbo a gefen garin Kumba na Kamaru, mai zurfin mita 110. Jinsi 11 na dangin karfasa ke cikinsa waɗanda babu su ko'ina a duniya. Ɗaya daga ciki, wanda mutanen wurin ke kira dikume, jininsa yana da yawan sinadarin ɗaukar iskar oksijin, don haka yana iya farauta a hawan da iska ta yi ƙaranci, inda sauran ba su jimrewa.

Abin da Koma Ba Ta Gani

Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ita koma ba ta ganin gadon kifi. Idan hukuma ta ƙayyade kamu da sunan jinsi kawai, masunta za su tafi inda kamu ya fi sauƙi, zuriya ɗaya ta ɗauki nauyin duka. A 2009 Einar Árnason na Jami'ar Aisilan ya nuna cewa kamu a ruwa marar zurfi yana cinye masu AA fiye da sauran, har ya yi gargaɗin rugujewar sana'ar. Rugujewar ba ta auku ba, kuma a daidai wannan lokaci hukumomin ƙasar sun rage abin da aka yarda a kama. A Niyufanlan ta Kanada ba a yi wannan sa'a ba. Kod ya ƙare har gwamnati ta hana kama shi a 1992, mutum kusan 30,000 suka rasa aiki, kuma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma kaɗan. Kafin rugujewar, an lura kifayen sun koma balaga da wuri suna ƙanana.

Mazauna zurfi sun fi kowa rauni, domin rayuwarsu a hankali take tafiya. Binciken da aka yi a 2021 a kan jinsi 88 na kifayen duwatsu na Tekun Fasifik ya nuna wasu shekara 11 suke yi, wasu kuwa suna haura 200, kuma masu tsawon ran sun fi zama a zurfi. Kifin da sai ya shekara 20 kafin ya fara haihuwa, idan aka kwashe manyansa, maye gurbinsu aikin jikoki ne. Kifin nan mai dogon wutsiya da aka ambata a baya yana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A Biktoriya kuwa, giwan ruwa da aka saka a shekarun 1950, haɗe da gurɓatar ruwa, sun shafe jinsi kusan 200.

A ƙasar Kano babu ruwan da ya yi zurfi ko daɗewar da zai raba zuriya haka. Madatsar Tiga a 1974 aka kammala ta, kududdufan cikin birni kuma, waɗanda asalinsu ramukan haƙar ƙasar gini ne, an cike da yawa an yi gidaje a kai. Inda maganar bambancin gado ta fi shafar Bakano ita ce kiwon tarwada a tankuna. Ba a iya tatsar maniyyin namijin tarwada kamar yadda ake matse ƙwan mace, sai an yanka shi an ciro marainansa. Saboda haka mai ƙyanƙyasa yakan yi tsimi, ya yi amfani da namiji ɗaya ga mata da yawa, daga baya ya zaɓi iyayen gaba daga cikin 'ya'yan. Bayan 'yan zagaye, duk tankin 'yan uba ɗaya ne. Sakamakon da aka sani ga irin wannan auren zumunci a kifaye shi ne raguwar ƙyanƙyasa, da jinkirin girma, da yawan masu karkataccen baya, da saurin kamuwa da cuta.

Akwai lissafin da Sewall Wright ya kawo tun 1931 wanda ɗalibi zai iya gwadawa a allo. A ninka yawan maza da yawan mata, a ninka da 4, sa'an nan a raba da jimillarsu. Abin da ya fito shi ne ainihin yawan iyayen ta fuskar gado. Namiji 1 da mata 20 sun ba da 80 a raba da 21, wato bai kai 4 ba. Maza 10 da mata 10 kuwa sun ba da 400 a raba da 20, wato 20 cif. Yawan kifin kusan ɗaya ne a tankunan biyu, amma na biyu ya ninka na farko sau biyar wajen riƙe gado. Shi ya sa ake shawartar mai ƙyanƙyasa ya daidaita yawan maza da mata, ya rubuta asalin kowane rukuni, ya kuma riƙa sabunta iyaye daga wata gonar da ba su haɗa kaka da tasa ba.